Ƙarancin Tutiya a Jikin Ɗan Adam: Na Gado da Wanda Ake Samu Daga Baya

Gabatarwa

A darasin kimiyyar halittu na makarantun sakandare akan koya wa ɗalibai cewa abinci ya kasu gida shida: masu ba da ƙarfi, da masu maiƙo, da masu gina jiki, da bitamin, da ma'adinai, da kuma ruwa. Idan aka zo kan ma'adinai, galibi akan tsaya ne a kan sinadarin ƙarfe mai gina jini, da kalsiyam mai gina ƙashi, da ayodin wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo. Tutiya kuwa, wadda ma'aikatan lafiya ke kira zink, sau da yawa sunanta kawai ake ambata a wuce. Ita ce ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da bokiti da shi domin kada su yi tsatsa. A jadawalin sinadarai lambarta 30, alamarta kuma Zn.

Duk tutiyar da ke jikin babban mutum ba ta wuce giram 2 zuwa 3 ba, wato ba ta kai nauyin sukari cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Amma kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Rashin wannan ɗan abin yana iya kashe jariri, ya tsumburar da yaro, ya jinkirta balaga, ya kuma bar jiki a buɗe ga cututtuka. Ƙarancin tutiya iri biyu ne. Akwai na gado, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, amma alamominsa a fili suke. Akwai kuma wanda ake samu daga baya, wanda ya shafi miliyoyin mutane, amma sau da yawa ba a gane shi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda kowannensu ke aukuwa, da dalilin da ya sa maganinsu ya zama ɗaya, alhali tsawon lokacin shan maganin ya bambanta.

Aikin Tutiya a Jiki

Kusan duk wani aiki da ke gudana a cikin ƙwayar halitta, wasu furotin ne na musamman da ake kira inzayim ke tafiyar da shi. Fiye da inzayim 300 ba su iya aiki sai da tutiya. Daga cikinsu akwai wanda ke taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini ɗauko iskar kabon-dayoksaid zuwa huhu, da waɗanda ke narkar da furotin a hanji, da waɗanda ke kwafar DNA a duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu. A shekarar 1985 Aaron Klug da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka bayyana wani tsari da suka kira "yatsun tutiya". Wannan wani lanƙwaso ne a jikin furotin, wanda ƙwayar zarra ɗaya ta tutiya ke riƙewa, da shi kuma furotin ke damƙar DNA ya kunna ƙwayar gado ko ya kashe ta. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na ire-iren furotin da ke jikin mutum suna ɗauke da tutiya.

Wannan ne ya sa sassan jiki masu saurin sabunta kansu su ne kan fara jigata idan tutiya ta yi ƙaranci: fata, da saiwar gashi, da shimfiɗar cikin hanji, da fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, da kuma ƙasusuwan yaro mai tasowa.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, jiki ba shi da rumbun tutiya. Ƙarfe yana da ma'ajiya a hanta da ɓargo, bitamin A ma hanta na iya adana na watanni. Tutiya kuwa, kusan kashi 60 cikin 100 nata yana cikin tsoka, kusan kashi 30 cikin ƙashi, kuma duk a bakin aiki take, jiki ba ya iya ɗebo ta cikin sauƙi in buƙata ta taso. Saboda haka dole ta shigo ta abinci a kai a kai. Bisa ma'aunin da aka tsayar a Amurka a 2001, namiji baligi yana buƙatar miligiram 11 a rana, mace 8, mai juna biyu 11, mai shayarwa 12, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma miligiram 3.

Tutiya tana shiga jini ne ta farkon ƙaramin hanji. Ba ta ratsa bangon ƙwayar halitta da kanta, sai ta wasu furotin masu aikin dako. An san irinsu 24 a jikin mutum: 14 na dangin ZIP masu shigar da ita, da 10 na dangin ZnT masu fitar da ita. Duk abin da ya tare hanyar nan, daga akushi zuwa jini, zai haifar da ƙaranci.

Yadda Aka Gano Muhimmancinta

Tun a 1869 wani Bafaranshe mai suna Jules Raulin, almajirin Louis Pasteur, ya nuna cewa wata irin funfuna ba ta yaɗuwa sai da tutiya. A 1934 masu bincike a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka suka tabbatar da haka a kan ɓeraye. Duk da wannan, likitoci sun ci gaba da ɗauka cewa mutum ba zai taɓa rasa tutiya ba, tun da tana cikin kusan kowane abinci.

Wanda ya rushe wannan zato shi ne Ananda Prasad, likita haifaffen Indiya wanda ya yi karatu a Amurka. A 1958 ya fara aiki a birnin Shiraz na ƙasar Iran. A can aka nuna masa wani saurayi ɗan shekara 21 wanda in an gan shi sai a ce ɗan shekara 10 ne. Jininsa ya yi ƙaranci ƙwarai, hantarsa da saifarsa sun kumbura, fatarsa ta bushe, kuma babu alamar balaga a tare da shi. Abincinsa gurasar alkama ce marar yis, nama kuwa sai jefi-jefi, ga shi yana cin yumɓu kusan rabin kilo a kowace rana. Cikin ɗan lokaci aka sami wasu mutum goma masu irin wannan kama. Ƙarancin ƙarfe ya isa ya bayyana ƙarancin jinin, amma bai isa ya bayyana tsumburewa da rashin balaga ba. Da Prasad ya tuna abin da aka gani a dabbobi, sai shi da James Halsted suka buga rahoto a 1961 suna zargin ƙarancin tutiya.

Tabbacin ya zo ne daga Masar. A ƙauyukan da ke kusa da Alƙahira an sami samari masu irin wannan siffa, waɗanda ba su cin yumɓu, amma abincinsu gurasa ce da wake, ga tsargiya da tsutsar ciki suna zuƙe musu jini. A 1963 gwaje-gwaje suka nuna tutiya ta yi ƙasa a jininsu da gashinsu. Waɗanda aka ba ƙarfe kaɗai jininsu ya gyaru, amma tsayinsu bai ƙaru kamar na waɗanda aka ba tutiya ba. Waɗanda aka ba tutiya kuwa sun ƙaru da santimita 12 zuwa 15 cikin shekara guda, kuma alamomin balaga suka bayyana cikin 'yan watanni. A 1974 hukumar abinci ta Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta sanya tutiya cikin jerin sinadaran da dole mutum ya samu kullum. Prasad ya rasu a 2022, bayan ya shafe fiye da shekara 60 yana bincike a kan wannan ƙarfe.

Ƙaranci na Gado

A daidai lokacin da ake wannan bincike, likitocin fata a Turai suna fama da wata cuta ta jarirai wadda ba su san asalinta ba. Thore Brandt na ƙasar Suwidin ya fara bayyana ta a 1936, sa'an nan a 1942 Danbolt da Closs na ƙasar Nowe suka raɗa mata suna akrodamataitis entaropatika. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa kumburin fatar ƙarshen gaɓoɓi mai alaƙa da ciwon hanji.

Alamominta manya guda uku ne: ciwon fata, da gudawa, da zubewar gashi, ko da yake ba kowane majiyyaci ne ke nuna duka ukun a lokaci guda ba. Ciwon fatar yana da wuraren da ya fi so, wato kewayen baki da hanci da idanu da dubura da al'aura, sai kuma yatsun hannu da na ƙafa, da gwiwa da gwiwar hannu. Fatar kan yi ja ko ta yi duhu, ta yi ɓawo, ta tsattsage, wani lokaci ta yi bororo kamar ƙuna, kuma iyakar ciwon a fili take kamar an zana. Gashin kai da gira da gashin ido kan zube. Yaron kan yi ta kuka, ya ƙi abinci, ya ƙi haske, girmansa ya tsaya, ƙwayoyin cuta kuma su sami ƙofa ta gyambunan. Jaririn da ake ba madarar shanu kan nuna alamun cikin makonnin farko na rayuwa. Wanda ke shan nonon uwa kuwa galibi sai bayan yaye, domin tutiyar da ke cikin nonon uwa ta fi sauƙin tsotsewa. A zamanin da ba a san magani ba, da yawa daga cikin yaran nan ba su kai ga girma ba.

A 1953 aka lura cewa wani maganin ciwon atuni mai suna dayodokwin yana kawo sauƙi, ba tare da an san dalili ba. Sai a 1973 Barnes da Moynahan, likitoci biyu a birnin Landan, suka duba wata yarinya 'yar shekara 2 wadda wannan magani bai yi mata aiki ba. Da suka auna jininta suka ga tutiya ta yi ƙasa ƙwarai, sai suka ba ta ta baki. Fatarta ta warke sarai, gudawar ta tsaya. Da aka yi kuskuren daina ba ta, ciwon ya dawo, da aka maido da maganin kuma ya sake gushewa. Daga nan aka fahimci cewa shi ma dayodokwin taimaka wa hanji yake yi ya tsotsi tutiya.

Asalin matsalar ya fito fili a 2002, lokacin da ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Faransa ɗaya a Amurka, suka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki. Sunanta SLC39A4, tana kan kuromosom na 8, kuma ita ke ɗauke da umarnin ƙera ZIP4, wato babban ɗan dakon da ke shigar da tutiya daga hanji. Idan ZIP4 ya lalace, yaro zai iya cin abinci mai tutiya, amma mafi yawanta ta wuce ta bayan gida. An san irin wannan cuta a wasu 'yan maruƙa na shanun madara baƙaƙe masu farin dabbare na arewacin Turai, kuma su ma lahanin a wannan ƙwayar gadon yake.

Yadda ake gadon cutar daidai yake da yadda ake gadon amosanin jini, wato sikila. Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai kwafi ɗaya lafiyayye da ɗaya mai lahani ba ya ciwo, ɗauke da ita kawai yake. Idan masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na haihuwar mai ciwon, 2 cikin 4 na mai ɗauke da ita, da 1 cikin 4 na wanda ya kuɓuta gaba ɗaya. Kowane ciki lissafinsa daban ne, haihuwar mai ciwo guda ba ta nufin uku na gaba sun tsira.

An ƙiyasta cewa jariri 1 cikin 500,000 ne ake haifa da cutar. Malami na iya ba ɗalibai wannan adadi su yi lissafi da shi: idan aka ɗauki saiwar murabba'in 500,000 za a sami kusan 707, wanda ke nuna cewa kusan mutum 1 cikin 350 ne ke ɗauke da kwafi ɗaya. Amma ga wanda yake ɗauke da ita, yiwuwar 'yar baffansa ko 'yar kawunsa ma tana ɗauke da ita 1 ne cikin 8. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi samun cutar a zuri'ar da auren zumunci ya yawaita. Iyalin da suka taɓa haihuwar yaro mai wannan ciwo, ya dace su sanar da likita tun kafin haihuwa ta gaba, domin a sa wa jaririn ido.

Idan Matsalar a Nonon Uwa Take

Akwai wani nau'in gado na biyu wanda ya sha bamban da na farko. A nan hanjin jariri lafiya lau yake, uwar ma jininta cike yake da tutiya, amma nononta ba ya ɗauke da isasshiya. A 2006 aka gano cewa lahanin yana cikin ƙwayar gado SLC30A2 ta uwar, mai ƙera ZnT2, wanda ke zuba tutiya cikin nono. Jaririn kan fito da ciwon fata irin wanda aka bayyana a sama, sai dai yana fitowa ne a lokacin da yake shan nono zalla, akasin na farko da ke jiran yaye. Ba uwar ƙarin tutiya ba ya gyara nonon. Jaririn ake ba maganin, a ci gaba da shayar da shi, har ya fara cin abinci sosai, daga nan kuma ya rabu da ciwon har abada. Bai kamata a kira irin wannan nono mugun nono ba, balle a cire yaro daga mama, domin sinadari ɗaya kawai ya gaza a cikinsa, sauran amfaninsa duk yana nan.

Ƙarancin da Ake Samu Daga Baya

Wannan shi ne babban nauyin da ke kan al'umma. Wani ƙiyasi da Wessells da Brown suka buga a 2012 ya nuna cewa kusan kashi 17 cikin 100 na mutanen duniya abincinsu bai wadatar da su da tutiya ba, kuma abin ya fi tsanani a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. A Nijeriya, binciken abinci da gina jiki na ƙasa da aka gudanar daga 2001 zuwa 2003 ya sami ƙarancin tutiya a kashi 20 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5, da fiye da kashi 40 na mata masu juna biyu. Hanyoyin da ke kawo shi huɗu ne.

Hanya ta farko ita ce abinci. Nama da hanta da kifi da ƙwai suna da tutiya mai sauƙin tsotsewa. Hatsi da wake da gyaɗa da riɗi da agushi ma suna da ita, amma suna tafe da wani sinadari mai suna fayitet, wanda tsiro ke adana fosfaras a cikinsa. Fayitet yana ɗaure tutiya a cikin hanji ya hana ta narkewa. Daga abinci mai nama jiki na iya tsotsar kusan rabin tutiyar da ke ciki, amma daga abincin da hatsi ya rinjaya a cikinsa bai fi kashi 15 cikin 100 ba. Wannan ne abin da ya sami samarin Shiraz, kuma shi ke barazana ga duk gidan da tuwon dawa ko na masara ko na gero ya zama abincin safe da dare, nama kuma sai ranar kasuwa ko ranar salla.

Hanya ta biyu ita ce gazawar hanji. Cututtukan da ke lalata shimfiɗar hanji, da ciwon hanta mai tsanani musamman na mashaya giya, da tiyatar da aka yanke wani sashe na hanji ko na tumbi, duk suna rage tsotsewa. A shekarun 1970 aka ga majiyyatan da ake ciyarwa ta jijiya kaɗai suna fitowa da ciwon fata irin na cutar gado cikin 'yan makonni, domin ruwan da ake ƙara musu ba shi da tutiya. Tun daga lokacin ake sanya ta a ciki.

Hanya ta uku ita ce asara. Kowace rana jiki yana zuba tutiya cikin hanji tare da ruwan narkar da abinci, sa'an nan ya sake tsotse mafi yawanta. Gudawa tana wanke ta kafin a tsotse. Ƙarancin tutiya kuma yana raunana bangon hanji da garkuwar jiki, sai gudawar ta daɗe ko ta dawo, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ƙuna mai faɗi, da zubar jini na tsargiya ko tsutsar ciki, da ciwon ƙoda, da wasu magungunan sa fitsari, duk hanyoyin asara ne. Masu amosanin jini ma suna zubar da tutiya mai yawa ta fitsari. Prasad ya nuna haka a 1975, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa yara masu sikila jinkirin girma da balaga. Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin babu ƙasar da ta kai ta yawan haihuwar masu wannan ciwo.

Hanya ta huɗu ita ce ƙaruwar buƙata, kamar a lokacin goyon ciki da shayarwa da tasowar balaga. Bakwaini yana cikin haɗari na musamman, domin a watanni ukun ƙarshe na ciki ne tayi ke karɓar yawancin tutiyarsa daga uwa. Haka kuma tutiyar nono ta fi yawa a dakashi, sa'an nan ta yi ta raguwa, ta yadda bayan wata 6 nono kaɗai ba ya isar jariri. Idan abin da aka haɗa masa da shi tsinkakken koko ne kawai, giɓin ba zai cike ba.

Dalilin da Ya Sa Yake da Wuyar Ganewa

Ƙaranci mai tsanani kamanninsa ɗaya ne, ko na gado ne ko na daga baya. Matsakaicin ƙaranci kuwa ba shi da wata alama tasa ta kansa. Idan tutiya ta ragu, jikin yaro kan rage saurin girma domin ya tsimi wadda ke akwai. Abin da iyaye za su gani shi ne yaro gajere, marar son abinci, mai yawan gudawa da ciwon huhu, wanda rauninsa ke daɗewa bai warke ba. A manya akan sami dusashewar ɗanɗano da jin ƙanshi, da zubewar gashi, wani lokaci har da dundumi, domin ido na buƙatar tutiya wajen sarrafa bitamin A.

Gwajin jini ma yana da iyaka, domin tutiyar da ke yawo a ruwan jini ba ta fi kashi 1 cikin 1,000 na ta jiki duka ba. Akan ɗauki ƙasa da maikrogiram 70 a kowace desilita, a jinin da aka ɗiba da safe kafin karin kumallo, a matsayin alamar ƙaranci. Amma zazzaɓi ko wani kumburi kan sa adadin ya faɗi ko da babu ƙaranci na gaskiya. Saboda haka masana kan dubi yawan tsumburarrun yara a al'umma: inda suka kai kashi 20 cikin 100, ana ɗauka haɗarin ƙarancin tutiya ya yi yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 37 a Nijeriya baki ɗaya, da kashi 57 a shiyyar Arewa maso Yamma. Tsumburewa na da dalilai da yawa, amma tutiya na cikin manyansu.

Magani da Rigakafi

Mai cutar gado yana shan tutiya ta baki har iyakar rayuwarsa, galibi miligiram 1 zuwa 3 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Idan ta yi yawa haka a hanji, tana samun wasu ƙananan hanyoyin shiga ko da ZIP4 ba ya aiki. Kuka da ƙin abinci kan ragu cikin kwana ɗaya ko biyu, fata ta fara warkewa cikin mako guda, gashi kuma ya tsiro cikin 'yan makonni. Yaron da ake ba maganinsa a kai a kai zai girma kamar sa'o'insa. Mai ƙaranci na daga baya kuwa na ɗan lokaci zai sha, tare da magance abin da ya jawo shi.

A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa ba yaro mai gudawa tutiya tare da ruwan gishiri da sukari, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga ɗan ƙasa da wata 6. Tana rage tsawon gudawar, tana kuma kare yaron daga dawowarta na wata biyu zuwa uku. Wani gwaji da aka yi a kan yara 4,500 a Indiya da Tanzaniya, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa miligiram 5 ko 10 suna aiki kamar 20, kuma sun fi ƙarancin sa amai. A kan haka hukumar ta rage adadin a sabuwar jagorarta ta 2024. Abin da ya rage ga iyaye shi ne su bi adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa, su kuma cika kwanakin ko da gudawar ta tsaya.

Ta fuskar abinci, ɗan nama ko kifi ko ƙwai a abincin yaro yana kawo tasa tutiyar, yana kuma taimaka wa tsotsewar ta hatsi. Jiƙa hatsi, da barinsa ya yi tsiro, da tsima shi ya yi tsami kamar yadda ake yin kamu, duk suna rage fayitet. Gurasa mai yis ma ta fi marar yis saboda wannan dalili. Surfe kuwa yana fitar da fayitet, amma yana tafiya da wani kaso na tutiyar cikin dusa. A fagen noma, binciken da Ismail Cakmak ya jagoranta a tsakiyar Turkiyya a shekarun 1990 ya nuna cewa taki mai tutiya yana ƙara yawan alkama da tutiyar da ke cikin ƙwayarta. A 2013 Bangaladash ta fitar da irin shinkafa na farko da aka haɓaka domin yawan tutiya.

Sai dai kome ya yi yawa ɓaci ne. Iyakar da aka tsayar wa baligi lafiyayye ita ce miligiram 40 a rana. Wanda ya daɗe yana wuce haka, tutiya za ta hana hanjinsa tsotsar jan ƙarfe, abin da kan kai ga ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Shi ya sa ko mai cutar gado ana auna jininsa lokaci-lokaci.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ƙarancin tutiya ciwo ɗaya ne mai ƙofofi da yawa. A cutar gado ɗan dakon hanji ne ya lalace, a nau'i na biyu nonon uwa ne bai ɗauko ta ba, a na daga baya kuma abinci ne ya gaza ko cuta ta zubar da ita. Sanin ƙofar da matsala ta shigo shi ke nuna ko maganin na kwanaki ne, ko na watanni, ko na tsawon rai. Jaririn da ya fito da gyambo a kewayen baki da dubura da yatsu, tare da gudawa da zubewar gashi, musamman bayan yaye, asibiti ya kamata a kai shi a auna tutiyarsa, domin man shafawa ba zai warkar da shi ba. Ɗalibai kuma, waɗanda su ne iyayen gobe, ya dace su riƙe cewa yaro na iya ƙoshi da tuwo kullum amma jikinsa yana cikin yunwar wannan ƙarfe.